Tambaya da Amsa: Wai har yau hasumiyar fitilar Iskandariya tana nan tsaye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni ɗalibi ne daga Mabera nan cikin Sakkwato, Allah ya nufa na samu gurbin karatu Alƙahira kuma in sha Allahu bayan sallah zan tahi. Tun muna sakandare malaminmu na tarihi ya ba mu labarin wata hasumiya bisa wani tsibiri bakin Iskandariya wadda anka ce tana cikin abubuwan al'ajabi guda bakwai na duniya, wai wuta ake kunnawa bisa kanta jiragen ruwa suna hange. To Malam mu da iyakar ruwan da munka sani gulbin Rima ne da dam ɗin Goronyo, dan Allah mi ne ne amfanin wagga hasumiya, wa ya gina ta, kuma in na je zan same ta in hau? Wani abokina ya ce shi ya ga hotonta a Facebook mutane na ta ɗaukar hoto gabanta.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a karatu. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, hasumiyar nan ba ta nan, ta faɗi fiye da shekara 600 da sunka wuce. Hoton da abokinka ya gani ko dai zane ne na kwamfuta, ko kuma ginin da anka yi daga baya a gurbinta ne, wato sansanin tsaro na Sarki Ƙayitbai, wanda shi kam yana nan garau kuma ana shiga.

Amfaninta kuwa ga shi. Gaɓar tekun Masar ta wajen nan shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsauni babu tudu da matuƙin jirgi zai hango daga nesa ya ce ga gari can, ga shi kuma bakin shiga tashar akwai duwatsu kwance ƙarƙashin ruwa waɗanda ba a ganinsu sai jirgi ya hau kansu ya tsage. To tunda Allah bai yi musu dutse a wurin ba sai sunka gina nasu. Ka san yadda in ka taso daga Illela da dare kake hango jar fitilar nan ta bisa eriyar sabis tun kana cikin daji ka san gari ya kusa, to haka take ga mai jirgi, sai dai shi ba garin kaɗai take nuna mishi ba har da ƙofar da zai bi ya shiga lafiya.

Shi garin, Sarki Iskandar Bagirke ne ya kafa shi a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayan ya mutu sai wani daga cikin sarakunan yaƙinsa, Batalimus na ɗaya, ya riƙe Masar, shi ya fara aikin hasumiyar a wani ɗan tsibiri mai suna Faros da ke gaban garin, ɗansa Batalimus na biyu ya ƙarasa wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa. Sunan da tsofaffin littattafai suke dangantawa da aikin shi ne wani Bagirke Sostiratus. Tsibirin an haɗa shi da gari da wata doguwar hanya da anka cike cikin teku, tsawonta ya ɗara kilomita ɗaya, sai yashi da laka sunka yi ta taruwa a gefe da gefenta shekara da shekaru har wurin ya zama ƙasa mutane sunka gina gidaje. Shi ya sa yau in ka je ba za ka ma san ka taka tsibiri ba, da tasi za ka isa, ba ruwanka da kwale-kwale.

Ginin hawa uku ne, na ƙasa mai kusurwa huɗu kuma shi ya fi tsawo, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama zagayayye, duka-duka tsayin ya haura mita 100. A cikinsa akwai hanya mai gangara da ke kewayawa tana hawa sama, mai faɗin da dabba za ta iya bi da kaya. Da dare wuta, da rana kuma an ce wani gogaggen madubi na ƙarfe ne ke maido hasken rana. In ka yi lissafi, mutum da ke tsaye bisa mita 100 yana hango teku har wajen kilomita 35 kafin lanƙwasar ƙasa ta tare mishi gani, in kuma mai hangen yana bisa dogon jirgi ne tazarar ta ƙaru. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ni abin da ya fi burge ni, kuma malaman sakandare ba su cika faɗa ba, ba ginawar ba ce, riƙon ne. Wannan gini ya yi kusan shekara 1,600 a tsaye, ya ga Girkawa, ya ga Rumawa, sannan Amru ɗan Asi (RA) ya buɗe Iskandariya wajen shekarar 641 zuwa 642, daga nan ginin ya yi wajen shekara 700 a hannun Musulmi suna kunna wutar suna gyara duk inda ya tsage. Ahmad ɗan Ɗulun wanda ya mulki Masar daga 868 zuwa 884 ya sa anka yi mishi ƙubba a sama bayan kan ya lalace. Ibn Jubair mutumin Andalus ya biyo ta nan a 1183 kan hanyarsa ta hajji, ya hau har ƙololuwa ya tarar da masallaci a can sama ya yi sallah a ciki, kuma ya rubuta cewa matakalai da ƙofofi da ɗakunan ciki sun yi yawan da mutum zai iya ɓacewa. Kusan duk abin da masana sunka sani yau game da awon ginin daga alƙalamin matafiya Musulmi ya fito, musamman wani malami ɗan Malaga da ake kira Balawi wanda ya zo wajen 1166 ya bi ginin da igiya yana aunawa.

Girgizar ƙasa ce ta ci shi, kaɗan-kaɗan. An yi wata a 956 ta taɓa shi, sannan babba ta 1303 wadda ta taso daga wajen tsibirin Kirit ta zo har da ambaliyar teku, sai kuma ta 1323. Ibn Baɗuɗa, shi dai wannan da ya zo Mali da Takadda daga baya har ya ambaci wata ƙasa da masana da yawa ke cewa Gobir ce, ya ga hasumiyar sau biyu. A 1326 ya tarar gefe ɗaya ya rushe amma ana shiga, ya ce ƙofar tana can sama nesa da ƙasa, akwai wani gini daura da ita da anka gitta katakai tsakaninsu, in an janye katakan shikenan ba mai shiga, kuma da ka shiga ga wurin zaman mai gadi nan bakin ƙofa. Da ya dawo a 1349 ko ƙofar ba a iya kaiwa. Ya ce Sarki Nasir na Masar ya fara gina wata irinta a kusa amma mutuwa ta riga shi. Ga kuma annobar nan da ta shigo garin a 1347 ta kwashe mutane ba adadi, to wa ke ta hasumiya.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne daga Gidan Igwai, jikana ne ke rubuta min. Mu mun taso muna jin Zulƙarnaini ne ya gina wagga hasumiya kuma madubin da ke bisanta shina ƙone jiragen abokan gaba. Sannan wani yaro ɗan boko ya ce min wai Musulmi ne sunka rushe ta suna biɗar dukiya. Wane ne gaskiya?

AMSA: Baba Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya yi wa jikan nan albarka. Abin da kunka ji ba daga sama ya faɗo ba, yana cikin wasu tsofaffin littattafan Larabci, domin marubuta da dama sun jingina ginin ga Iskandar tunda shi ya kafa garin, wasu kuma sun ɗauka Iskandar ɗin shi ne Zulƙarnaini. Amma shekaru ba su yarda ba. Iskandar ya mutu a 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an gama hasumiyar bayansa da shekara wajen 40, ko tubalin farko bai gani ba. Batun ko shi ne Zulƙarnainin da ke cikin Suratul Kahfi kuwa wannan filin malaman tafsiri ne kuma kun fi ni sani, abin da zan ce kawai Ibn Kasir ya rarrabe su, ya ce mutum biyu ne daban.

Madubi mai ƙone jirgi, Baba wannan ƙarin gishiri ne na masu ba da labari. Gogaggen ƙarfe zai iya walƙiya a hango shi daga nesa, amma ya tara zafin da zai kama katakon jirgin da ke tafiya bisa ruwa nesa da gari, wannan ko da kayan yau abu ne mai wuya. Akwai ma masu cewa in ka duba cikinsa kana ganin jiragen da ke tasowa daga Ƙusɗanɗiniya, wato Istanbul ta yau, alhali tsakaninsu ya fi kilomita 1,000.

Shi kuma yaron nan naku ya tsinci rabin labari ne. Malam Mas'udi, masanin tarihi na ƙarni na 10, ya kawo wata hikaya cewa sarkin Rum ya turo wani bawansa wurin Halifa Walid ɗan Abdulmalik, ya yi kamar ya musulunta ya samu shiga, sannan ya ce wa Halifa ai dukiyar Iskandar tana binne ƙarƙashin hasumiyar. Halifa ya ba shi ma'aikata anka fara rushewa daga sama har madubin ya tafi, da mutanen gari sunka farga sunka yi ca sai mutumin ya sulale cikin jirgi da dare ya gudu. Labarin da daɗin ji, amma ku duba, Walid ya rasu a 715, Ibn Jubair kuma ya yi sallah a saman ginin a 1183, tsakani shekara 468 kenan. Ko da an ɗauka hikayar ta faru to an gyara, ginin ya ci gaba da aiki. Ni dai ina ganin labari ne irin na jan kunnen sarakuna kan kwaɗayi da saurin yarda da baƙo, ba rahoton abin da ya kayar da hasumiyar ba.

Abin da ke gaskiya shi ne bayan ta zama kufai an kwashi duwatsunta an yi wani aiki. Sarki Ƙayitbai wanda ya mulki Masar daga 1468 zuwa 1496 ya zo ya ga tarin duwatsun, ga tsoron Turkawan Usmaniyya da sunka ci Ƙusɗanɗiniya a 1453, ga kuma mutanen garin ba su manta da ɓarnar da sarkin Ƙubrus ya yi musu a 1365 ba, sai ya sa anka gina sansanin tsaro bisa tushen hasumiyar, an fara a 1477 an gama cikin shekara biyu zuwa uku. Ƙayitban nan Baba ba baƙo ba ne gare ku in kun lura, shi ne ya sake gina Masallacin Annabi (SAW) a Madina bayan gobarar 1481, kuma a zamaninsa ne Imam Suyuɗi mai Jalalaini ya rayu a Alƙahira, wanda har wasiƙar nasiha ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni daga Runjin Sambo nike, zan raka maigidana asibiti Alƙahira kuma likita ya ce za mu samu kwana biyu tsakanin gwaji da gwaji ba mu da abin yi. Tunda ka ce hasumiyar ta faɗi, ya cancanci mu wahalar da kanmu mu je? Kar mu kashe kuɗi mu je kallon fili.

AMSA: Hajiya Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. In likita ya yarda mishi da zaman mota ko jirgin ƙasa na awa uku to ku je, ba fili za ku kalla ba. Amma in jikin bai yi ƙwari ba ku bari, wurin akwai tafiyar ƙasa da matakala kuma iskar teku ba ta da tausayi.

Daga Alƙahira wajen kilomita 220 ne. Jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ya fi sauƙi da kwanciyar hankali, awa biyu da rabi zuwa uku, ku nemi mai sanyi kuma ku sayi tikiti tun ana gobe, ku sauka tashar ƙarshe ta cikin gari ku ɗauki tasi ku ce Ƙal'at Ƙayitbai, ku yi ciniki kafin ku shiga ba bayan kun sauka ba. Titin zai bi da ku ta bakin teku, ruwa a hannun dama dogayen tsofaffin benaye a hagu, tun daga nesa za ku hango ginin fari-fari can ƙarshen lanƙwasar tashar shi kaɗai. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, mai katin ɗalibi kuma ana yi mishi ragi, wannan ɗalibin Mabera ya riƙe. Ku tafi da katin banki ko da kuna da tsabar kuɗi domin wuraren tarihi na Masar da yawa sun koma karɓar kati.

In kun kai ƙofar babban ginin kada ku yi saurin wucewa. Bangon duk farin dutse ne mai ɗan rawaya wanda gishirin teku ya ciccinye, amma a bakin ƙofar za ku ga wasu manyan duwatsu ja-ja masu ɗigo-ɗigon baƙi, masu santsi, ko kaɗan ba su yi kama da sauran ba. Irin wannan dutse daga Aswan ake kawo shi can kudancin ƙasar, kuma masana na ganin daga jikin hasumiyar anka ciro su. Ku ɗora hannu, iyakar abin da za ku taɓa kenan na ginin da Ibn Jubair ya hau. A hawan ƙasa akwai ɗan masallacin sojoji, daɓensa na marmara mai launi-launi an jera shi kamar saƙa, hasumiyar kiran sallarsa ta tafi lokacin da jiragen yaƙin Ingila sunka yi wa garin ruwan wuta a watan Yuli na 1882. Sama kuma ƙananan ɗakuna ne da tagogi sirara, ta ciki faɗi ta waje tsukuku, ka leƙa ka ga teku shuɗi har iyakar ganinka.

In kun hau bangon waje ku dubi ruwan da ke dukan gindin ginin, nan sauran hasumiyar take kwance, zurfin bai wuce mita shida zuwa takwas ba. Yadda anka gano ta ma abin dariya ne da takaici, hukuma ce ta zo tana jefa manyan tubalan kankare cikin ruwa don kare ginin daga igiyar teku, ashe bisa kayan tarihi ake jefa su, sai anka yi ta surutu anka tsayar da aikin, a 1994 wani masani Bafaranshe Jean-Yves Empereur ya shiga da masu nutso sunka tarar da dubban sassaƙaƙƙun duwatsu, wasu nauyinsu ya fi tan 50, da ginshiƙai da gumaka. Ɗaya daga cikin manyan gumakan da anka ciro yana tsaye yanzu gaban sabon ɗakin karatu na Iskandariya wanda anka buɗe a 2002, can ɗaya gefen tashar kusa da titin bakin teku.

Ga kuma abin da na san zai fi faranta miki Hajiya. Kafin ku kai sansanin, a unguwar Anfushi, akwai masallacin Abul Abbas Mursi babban shehin Shaziliyya, a gefensa kuma ga masallaci da kabarin Imam Busiri mai Burda, wadda ba sai na gaya wa 'yar Sakkwato ko mece ce ba. Ku tsara tafiyar ku shiga sansanin da hantsi kafin 'yan makaranta su cika wurin, ku yi azahar a can, sannan ku ci kifi a unguwar, ana zaɓa ne ɗanye a auna a gasa muku, ku tambayi kuɗin kilo tun kafin a ɗora bisa wuta. Masu sayar da kwanson teku da sarƙoƙi a bakin ƙofa za su bi ku, haka masu cewa su ne 'yan rakiya, wani ma zai nuna muku ginin ya rantse shi ne hasumiyar, ku ce mun gode ku wuce.

Lokaci kuma, Disamba zuwa Fabrairu akwai ruwan sama da iska mai ƙarfi da sanyi mai jiƙa wanda ba irin hunturunmu ba ne, Yuli da Agusta kuma duk Alƙahira ce ke kwararowa shan iska ba wurin sa ƙafa. Maris, Afrilu, Oktoba da Nuwamba sun fi. Ku guji Juma'a in da hali.

TAMBAYA: Malam mu da ba mu da kuɗin Masar fa? Akwai irinta kusa? Kuma yanzu da ake da GPS ana amfani da su kuwa? Daga wani ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa.

AMSA: Alhaji akwai, in ka sauka Legas sarin kaya ka ware rabin yini ka shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay, daga can akwai tsohuwar hasumiyar fitila ta zamanin Turawa da ke kusa da bakin shiga tashar Legas, har bakin ruwan wajen ma da ita ake kiransa. Ba ta kama ƙafar ta Iskandariya ba ko kusa amma za ka gane yadda abin yake. Ka sa rigar kariya kafin jirgi ya tashi, ko direban ya ce ba komai, mu mutanen tudu ba iyo muka iya ba. A Accra ma akwai ta unguwar Jamestown mai ja da fari, a Dakar akwai ta Mamelles bisa tudu tun 1864.

Ana amfani da su har gobe, domin na'ura tana mutuwa kuma ana iya rikita mata sigina, fitila kuwa ido ne ke ganinta. Sai dai yanzu ba itace ba ne, tun shekarun 1820 wani Bafaranshe Fresnel ya ƙera gilashi mai zobe-zobe da ke tattara hasken ƙaramar fitila ya harba shi nesa, kuma kowace hasumiya da irin ƙiftawarta, wata sau biyu ta huta wata sau uku, an rubuta a taswirar matuƙa don su san wace gaɓa ce ke gabansu. Mafi yawansu yau ba mai kwana ciki, lantarki ko sola ke riƙe su, ma'aikaci ya leƙo lokaci-lokaci ya goge gilashi ya duba batir. Wadda ta fi kowace tsufa cikin masu aiki har yanzu tana arewacin Sifen a garin Korunya, Rumawa sunka gina ta kusan shekara 1,900 da sunka wuce, ita kam ana hawa, amma bizar can ta fi ta Masar wuyar samu.